Bayan An Ɗauke Mai Keke, Ina Keken Yake Zuwa?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Masu sauraro, wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan amfani da hanya. Direban da ke jin mu a cikin mota, idonka a kan titi, kunne kawai muke ara. Uwargida da ke tsakar gida, sannu da aiki. Masu faci da masu gyaran keke da ke gindin bishiya da 'yar rediyo a rataye, ku ƙaro murya, domin yau akwai rabonku a cikin maganar.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda mota ta buge mai keke ya san yadda abin yake. Salati, ihu, a kama a ɗaga, a tare mai Adaidaita, a nufi asibiti. Haka ya kamata, rai ne a gaba. Kafin minti goma wurin ya watse, motoci sun ci gaba da wucewa kamar ba a yi komai ba. Abin da ya rage a kan kwalta sai takalmi wari ɗaya, da tumatirin da ya tarwatse, da keke a kwance, ƙafarsa ta baya ta lanƙwashe. To wannan keken, ina yake zuwa?

Na san wani zai ce, haba malam, mutum na kwance rai a hannun Allah, kai kana ta ƙarfe? Ka yi mini haƙuri in ba ka labarin Baffana, ƙanin mahaifina, sannan ka yanke hukunci.

Baffa manomin fadama ne. Kullum bayan sallar asuba yakan ɗaure kwando biyu na alayyahu da tumatir a kariyar wani baƙin keke ƙirar Phoenix, ya shigo da su Kano. Wata safiya da hunturu, hazo ya rufe gari, wata bas ta kwashe shi. Ya karye a cinya, ya yi wata uku bai taka ƙasa ba. Direban ya ce Baffa ne ya faɗo masa titi daga gefe ba zato ba tsammani. Sassafe ne, babu wanda ya gani da idonsa, Baffa kuwa bai tuna komai ba sai ƙarar da ya ji. Mu dangi duk muka tare a asibiti, ba wanda keke ya faɗo wa a rai. Sai a rana ta tara, da bakinsa ya buɗe sosai, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina kekena?" Wallahi kunya ta kama ni, domin ban sani ba.

Na same shi a ofishin 'yan sanda, a jingine a gindin darbejiya tare da wasu babura da suka sha rana. Wani dattijon ɗan sanda ya zagaya shi sau ɗaya, ya durƙusa, ya kira ni. Ya ce in juya ƙafar gaba. Na juya, ta yi ta gudu sumul ba gargada. Ya ce in dubi ta baya. Ta shige ciki, kariya ta turo har ƙarƙashin sirdi, ga kuma ɗan fentin bas ɗin manne a jikin ƙarfen da ke rufe tayar baya. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, "Wanda ya faɗo titi daga gefe, a gefe ake samunsa. Wannan daga baya aka same shi." Gardamar kwana tara ta ƙare a nan. Abin da Baffa ya kasa faɗa, kekensa ya faɗa.

Jama'a, ba sihiri ba ne. Ƙarfe yana lanƙwashewa ne ta wajen da aka buge shi. Idan mai keke ne ya je ya daki mota da kansa, za ka ga fok, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, ya koma baya, ƙafar ta matso kusa da jikin keken. Idan a gefe aka same shi, feda da sandarta su ke karkacewa, ƙafafun su lotsa ta ɓangare guda. Fentin mota yakan zauna a jikin keke, na keke ma ya zauna a jikin mota, kuma tsawon wurin da fentin yake daga ƙasa yana nuna wane sashe na motar ne ya taɓa shi. Karcen da feda ko kan keke ya yi a kwalta yana nuna inda ya fara faɗuwa da inda ya ja ya tsaya. Nisan da aka yi jifa da keken kuwa, masu binciken haɗari suna auna shi su ƙiyasta gudun da motar take yi. Ba kullum keken ke goyon bayan mai shi ba, a faɗi gaskiya. In birkinsa igiya ce aka ɗaure, ko babu fitila babu abin da ke ƙyalli a baya alhali da dare ne, wannan ma zai faɗa. Shaida ne da ba ya karɓar goro daga kowa.

Matsalar ita ce mu da kanmu muke toshe masa baki, kuma da kyakkyawar niyya. Wani zai ja keken ya jefa a kwata don mota ta samu hanya. Wani yaro mai tausayi zai taka ƙafar ya miƙar da ita wai don a samu a tura shi gida. Wani ya goge jikinsa da tsumma. Kowannensu taimako ya yi niyya, amma ya share rubutun da ƙarfen ya yi.

Saboda haka in Allah ya sa kana wurin, mutum za a fara ceto, wannan ba a ma tambaya. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a lamba 122, kyauta ce. A tuna kuma cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Amma ai ba mutum ashirin ne ke ɗaukar mutum ɗaya ba. Cikin waɗanda suka tsaya kallo, wani ya ciro wayarsa. Maimakon ɗaukar fuskar wanda ke cikin jini don a watsa a Facebook, abin da ba mutunci a cikinsa ko kaɗan, ya ɗauki keken a inda ya faɗi, ya ɗauki motar da lambarta, ya ja baya ya ɗauki titin gaba ɗaya. In dole ne a kawar da keken don kada a sake wani haɗarin, a sa gawayi ko dutse a zana inda ƙafafunsa suke kafin a ɗaga. A ɗaga shi ɗagawa, kada a ja shi a ƙasa. Kuma kowa ya bar shi da lanƙwasarsa.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba zan tsallake ba. Sau da yawa kafin hukuma ta iso, famfo ya yi ƙafa, ƙararrawa ta yi ƙafa, buhun da ke kan kariya ya bi iska, wani lokaci keken ɗungurungum. Mai ɗauka yana ce wa ransa ai tsintuwa ya yi. Malam, ba tsintuwa ba ce. Ko tsintuwar gaskiya, malamai sun ce cigiya ake yi har shekara guda. Wannan kuwa kana ganin mai shi da idonka aka sa a mota. Sunan abin sata, kuma satar kayan wanda ba zai iya ɗaga hannu ya hana ka ba.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna bin sawun keken da aka yi haɗari da shi ne, mun baro bakin titi, mun iso ofishin 'yan sanda.

Idan haɗari ya yi muni, an ji rauni mai tsanani ko an rasa rai, 'yan sanda kan tafi da motar da keken duka. Jami'an VIO su duba lafiyar motar, birkinta da fitilunta da tayoyinta. Keken kuma ya zama abin da suke kira eksibit, wato kayan shaida, a rubuta shi a littafi, a ajiye. In magana ta je kotu, yana iya zama a hannun hukuma har a gama shari'a, shari'a kuwa kun san ba gudu take yi ba. Amma ba dole ne a zuba ido ba. Mai keke ko danginsa na iya neman a ba su shi bisa takardar alƙawarin za su kawo shi duk ranar da aka nema, musamman in an riga an duba shi an ɗauki hotuna. Abin da ake buƙata shi ne mutum ɗaya daga dangi ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa: ya san sunan ɗan sandan da ke riƙe da binciken, ya tabbatar an rubuta keken da duk abin da ke jikinsa, ya riƙa leƙawa. Kayan da aka bari ba mai nema, ƙarshensu kotu ta ba da izini a yi gwanjonsu.

A nan ne ake yin tuntuɓe da tambaya guda: ina shaidar cewa naka ne? Mota na da lamba da takardu. Keke fa? Wa ke ajiye rasiɗin keken da ya saya shekara goma sha biyar da suka wuce, in ma an ba shi rasiɗin? Dattawa za su tuna zamanin da ake yankar lasin keke, a liƙa masa ɗan ƙarfe, mai keken da bai yanka ba ya riƙa zulliya da 'yan doka. Har gobe kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa bayar da lasin keke cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da na kwalekwale da baro da amalanke. Amma a aikace yawancin kekunanmu ba su da suna a littafin kowa. Abin da ya rage shi ne lambar da kamfani ya buga a jikin firem. A kan same ta a ƙarƙashin gidan feda in ka kifa keken, a wasu tsofaffin kekunan kuma a kusa da inda sandar sirdi ke shiga. Mutum nawa cikin masu jin mu suka san tasu?

Mu zo kan biya. Da manyan direbobi suka zo gidan Baffa neman sulhu, an yi zama na mutunci, sun ɗauki kuɗin asibiti, an yi addu'a, an tashi. Ba wanda ya ambaci keke, ni ma ban ambata ba, kunya ta hana. Ganin ake yi kamar ƙaranta ce mutum ya tsira da ransa sannan a tsaya lissafin ƙarfe. Sai da Baffa ya warke muka gane wautarmu. Ƙafa ta ɗinke, amma abin da zai kai alayyahu kasuwa babu. Ga mai mota, keke kuɗin man 'yan makonni ne. Ga Baffa shi ne jarin, shi ne shagon, shi ne jakin.

Alhali doka ta tanadi hanya. Kowace motar da ke hawa titi a Najeriya wajibi ne ta kasance da inshorar da direbobi ke kira tad-fati, wadda aka yi ta musamman don biyan wanda motar ta cutar, a jikinsa ko a dukiyarsa. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiyar wani zuwa naira miliyan 3. Tun 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka ce sun fara matsa wa direbobi a kanta. Keke dukiya ce, yana cikin abin da wannan inshora ta rufe. Kamfanin zai nemi rahoton 'yan sanda, da hotuna, da ƙiyasin kuɗin gyara ko na sabo. Kun ga amfanin hoton nan na bakin titi ke nan. Direbobi kuma, ku binciki takardar da ke cikin motarku. Da yawa ta bogi ce, an saya don a nuna a shingen hanya kawai. Ranar da aka buge mutum, daga aljihunka za ta fito.

Ta fuskar addini ma maganar a fili take. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda ya lalata dukiyar wani zai biya ƙimarta, da gangan ya yi ko bisa kuskure. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke biya. Yafiya abu ne mai kyau, ba mai musu. Amma mai haƙƙi ne ke yafewa, ba kawun da ya fi kowa murya a zaure ba. In kuwa mai keken ya rasu, keken nan, ko da ya zama tarkace, da kuɗin da za a biya a kansa, sun shiga gado. In akwai marayu a ciki, ba wanda ke da ikon yin kyauta da rabonsu don a ce masa mai kirki.

Yanzu masu gyara, ga taku. An karɓo keke an kawo maka, mai shi yana ɗingishi yana cewa, "Malam, a taimaka a tayar mini da shi." Na sha zama a wurinku, na ga yadda ake yi: a saƙala firem a tsakanin saiwar bishiya, a zura dogon bututun ƙarfe, mutum biyu su danna, a rufe ido ɗaya a hanga, a ce ya miƙe. Ban raina wannan gwaninta ba. Tsofaffin kekunan ƙarfe irin su Raleigh da Phoenix suna jure miƙarwa in lanƙwasar kaɗan ce. Amma kekunan gwanjo da suka cika kasuwa yanzu, masu giya, marasa nauyi, da yawansu alminiyam ne, shi kuwa in ya lanƙwashe aka miƙar da shi, ya riga ya mutu a tsaye. Ba zai yi maka gargaɗi ba, rana ɗaya zai ɓalle. In kana shakka, ɗauko maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, ka yi hattara.

Ka sa yatsa ka shafa ƙarƙashin bututun firem, dab da wuyan keke. In ka ji ɗan tudu, ko ka ga fenti ya yamutse ko ya yi tsaga kamar gashi, firem ɗin ya sha duka. Ka ɗaura zare daga inda ƙafar baya ke zama, ka zagayo da shi ta wuyan keke, ka dawo ɗaya gefen, sannan ka auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. In ba su zo daidai ba, keken ya karkace, zai riƙa ja gefe guda, kuma a kan titi gefe guda ɗin nan yana iya zama ƙarƙashin tirela. Fok da kan keke kuwa, in sun lanƙwashe sosai a canja su kawai. Fok ya karye a gangara da buhu biyu a baya, fuska ce ke fara isa ƙasa. Ka gaya wa mai keke gaskiya ko da ba ita ya zo ji ba. Wanda kuma zai shafe tsaga da sabon fenti ya kai kasuwa ya sayar bai faɗi aibin ba, wannan algus ne, kuma algus ɗin da ke iya ɗaukar rai.

Wasu ƙasashen suna da wata al'ada da ta ba ni mamaki. A birnin Sent Luwis na Amurka, a 2003, aka fara shafa wa tsohon keke farin fenti tun daga taya har sirdi, a ɗaure shi a inda mota ta buge mai keke, don duk direban da ya wuce ya tuna. Abin ya bazu zuwa birane da dama na duniya. Yawanci ba keken haɗarin ba ne ma, wani mataccen keke ake samowa. Mu ba mu gaji al'adar kafa wa mamaci alama a bakin hanya ba, addu'a muke yi masa. Amma abin da ke zuciya ɗaya ne. Na san gidan da keken mahaifinsu ya shekara a rataye a soro, ba mai iya hawa, ba mai iya sayarwa, uwar 'ya'yan in za ta wuce sai ta kawar da kai.

Na Baffa dai sai da damina ta faɗi muka je karɓo shi. Ciyawa ta fito ta tsakanin wayoyin ƙafarsa, kaca ta yi tsatsa ta ƙage, sirdi da ƙararrawa ba mu san inda suka yi ba. Mai gyara ya shafa wuyansa ya girgiza kai. Ƙafar gaban nan da ta ba da shaida, wani mai kurar ruwa ya saye ta. Tsohon tub ya zama igiyar ɗaure kaya. Wilin baya, bayan an bubbuge shi, yara suka mai da shi gare-gare. Firem ɗin kuwa 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli suka biya da kilo, kuɗin bai kai na taya ɗaya sabuwa ba. Sai da Baffa ya yi kaka biyu, ya haɗa da bashi, kafin ya sake hawa keken kansa.

Lokaci ya cim mana. Mai keke da ke jin mu, in ka koma gida yau, kafin ka shigar da shi soro, kifa shi ka nemo lambar nan, ka rubuta a takarda ka ba uwargida ta ajiye, ka sa yaro ya ɗauke ka hoto tare da keken. Direba kuma, in ka hango mai keke a gabanka da kwanduna, sassauta ka ba shi fili kafin ka wuce.  

(Kiɗan rufe shiri)